Sallar Uwaye Mata: Daga Ina Ta Fito, Me Ta Tarar A Damargu?

Kowace shekara idan watan Mayu ya doshi ƙarewa, wanda ke zaune a Yamai ko Maraɗi ko birnin Damagaram zai fara jin wata irin gaisuwa tana yawaita a gidajen rediyo, masu kantunan atamfa da turare su yi ta kiran jama'a a zo a sai wa uwa tsaraba, a wasu makarantun boko kuma mushe ya sa yara su zana fure a takarda su kai gida. Wannan ita ce sallar uwaye mata, wadda kalandar Faransa ta ajiye ran Lahadin ƙarshe na watan Mayu, Nijar kuma ta gada tare da sauran kayan da aka bar mata. To amma wanda ya kama hanyar Agadas, ya wuce Bakin Birji da Sabon Kafi ya isa Tanut, ko ya ratse yamma ya nufi Belbeji, zai tarar ranar takan zo ta wuce ba a ji ɗuriyarta ba. A can watan Mayu tsakiyar bazara ce, rumbu ya yi ƙasa, ruwan rijiya ya ja baya, mazaje da yawa ba su komo daga cin rani ba, uwar da ake cewa ranar tata ce tana bakin rijiya tun assalatu.

A majalisun ma'aikata da rumfunan ƴan kasuwa maganar takan raba mutane gida biyu. Wasu su ce al'adar Nasara ce, wanda ya san darajar uwa ba ya jiran kalanda ta tuna masa. Wasu kuma su ce ai ba laifi ba ne a ware rana guda a faranta wa tsohuwa rai. Abin da ba kasafai ake ji ba a wannan gardama shi ne labarin ranar kanta, alhali kuwa a cikinsa akwai abin da zai ba kowane ɓangare mamaki.

Matar da ta binne ƴaƴanta

Tushen ranar yana ƙasar Amurka, a wani yanki na duwatsu wanda daga baya ya zama jihar Birjiniya ta Yamma. A can wata mata mai suna Ann Reeves Jarvis, wadda aka haifa a 1832, ta yi haihuwa fiye da goma, amma huɗu kaɗai suka girma. Sauran ƙyanda da mashaƙo da zazzaɓin taifot suka kwashe, kamar yadda suke kwashe ƴaƴan maƙwabtanta. A 1858 ta fara tara uwaye ƙungiya-ƙungiya, suna shiga gida-gida suna koya wa juna tsabtar ruwa da ta madara, suna tara kuɗi don sayen magani, suna nema wa gidan da uwa ta kwanta ciwo mai taimako. Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke, daga 1861 zuwa 1865, waɗannan mata suka yi jinyar sojojin ɓangarorin biyu ba tare da tambayar wane ne nasu ba, bayan yaƙi kuma, a 1868, Ann ta shirya taron sasanta iyalan da gaba ta raba. Ke nan tun kafin a yi zancen fure ko tsaraba, zancen da ya haɗa uwayen nan shi ne yadda yaro zai tsallake shekarunsa na fari da rai.

Ann ta rasu ran 9 ga Mayu 1905. Ɗiyarta Anna, wadda ba ta taɓa aure ba balle ta haihu, ta ɗaura niyyar sai an kafa rana don tunawa da ita da sauran uwaye. Ran 10 ga Mayu 1908 aka yi taron farko a wata majami'a ta garin Grafton inda marigayiyar ta daɗe tana koyarwa, Anna ta aika da fararen furanni 500 irin waɗanda uwarta ke so, aka raba wa mahalarta. Daga nan ta shiga rubuta wasiƙu zuwa ga gwamnoni da ƴan majalisa da masu jaridu, ba ta gaji ba, har jiharsu ta karɓi ranar a 1910, sannan ran 9 ga Mayu 1914 shugaba Woodrow Wilson ya sa hannu a kan sanarwar da ta mai da Lahadi na biyu na watan Mayu ranar uwa a duk faɗin ƙasar. Anna ta nace a kan cewa kowa tasa uwar zai girmama, ya je ya gan ta, in ya yi nisa ya rubuta mata wasiƙa da hannunsa.

Nan ne labarin ya juya, kuma nan ne ya kamata ɗan kasuwa ya kasa kunne. Ba a yi shekara goma ba masu sayar da furanni da alewa da katunan gaisuwa suka mai da ranar babbar kasuwa, farashin farin fure ya riƙa tashi duk lokacin da ta gabato. Anna ta fusata. A ganinta wanda ya sayi katin da aka riga aka buga ya aika wa uwarsa ya nuna ƙyuyarsa ce kawai. Ta yi ta barazanar kai ƙara, ta yi ta kutsa kai cikin tarurrukan da ba a gayyace ta ba, har a 1925 ƴan sanda suka kama ta a birnin Filadelfiya bisa zargin ta da hankalin jama'a a wurin wani taron mata masu sayar da furen don tara kuɗi. A 1943 ta shiga neman sa hannun mutane don a soke ranar da ita da kanta ta kafa. Ta rasu a 1948 a gidan jinya, ta makance, dukiyarta ta ƙare. Ta zuba ƙarfinta wajen kafa ranar, ta zuba tsufanta wajen yaƙarta, aka tashi ba uwa ba riba.

Hanyar Faransa

Ranar da Nijar ta gada ba ta wannan hanya ta biyo kai tsaye ba, domin Faransa tana da nata dalili. Tun bayan kashin da ta sha a hannun Jamus a yaƙin 1870, manyanta suka shiga damuwa ganin haihuwa ta yi ƙaranci a ƙasarsu alhali maƙwabciyarsu tana ta ƙaruwa. Aka kafa ƙungiyoyin kwaɗaita wa jama'a yawan iyali. Ran 10 ga Yuni 1906, a wani ƙauye da ake kira Artas, wani malamin makaranta mai suna Prosper Roche ya shirya biki inda aka karrama mata biyu, kowacce mai ƴaƴa tara. Yaƙin duniya na farko ya zo ya ci sojojin Faransa kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu, sai birnin Liyon ya ware ran 16 ga Yuni 1918 don uwaye da matan da suka rasa ƴaƴa da mazaje. A 1920 gwamnati ta ƙirƙiro lambar girma ta iyali: ta tagulla ga mai ƴaƴa biyar, ta azurfa ga mai takwas, ta zinariya ga mai goma. Da an kawo wannan ma'auni Damargu an raba da gaskiya, da zinariyar ba ta isa ba.

An yi bikin farko na hukuma a 1926, wato shekarar da Turawa suka ɗauke babban birnin Nijar daga Damagaram suka mai da shi Yamai. A 1941 gwamnatin Marshal Peten, wadda ta miƙa wuya ga Jamus, ta ɗaukaka ranar ƙwarai, ta cusa ta cikin makarantu, domin ta dace da manufarta ta cewa wurin mace shi ne gida da goyo. Bayan yaƙi aka riƙe bikin, har aka yi masa doka ran 24 ga Mayu 1950, zamanin shugaba Vincent Auriol, wadda ta tsayar da shi Lahadin ƙarshe na Mayu, sai fa idan ya haɗu da idin Fentikos na Kirista, a ɗaga shi zuwa Lahadin farko na Yuni. A lokacin Nijar tana ƙarƙashin Faransa, ranar ta shigo ta ƙofar lakwal da gidajen ma'aikata, bayan samun mulkin kai a 1960 kuma ta zauna a nan inda ta shigo, ba ta taɓa nisa da birane ba.

Fataken Damargu da masu cin rani sun san ba rana ɗaya duniya ta tsayar ba. Wanda ya yi zama a Libiya ya ga ana yi ran 21 ga Maris, wannan kuwa daga Masar ta samo asali, inda ƴan jarida biyu tagwaye, Mustafa Amin da Ali Amin, masu jaridar Akhbar al-Yaum, suka yi ta kira a kai. Abin da ya zaburar da su, kamar yadda aka ruwaito, shi ne kukan wata mata da mijinta ya rasu, ta ƙi sake aure ta zauna ta raini ƴaƴanta har suka zama mutane, suka watse suka manta da ita. An fara bikin a Masar a 1956, zamanin Jamal Abdul Nasir, ƙasashen Larabawa da yawa suka ɗauka. Wanda kuma ke sauka Najeriya ya ga majami'u da dama suna yin nasu a cikin azumin Kirista, yawanci a watan Maris, bisa tsohuwar al'adar Ingila, inda barori da yaran gida da ke aiki nesa akan ba su hutun Lahadi guda su koma garinsu su ga uwayensu. Wannan ta Ingila ita ta fi kama da halin ma'aikacin da aka ɗauko daga Gaya aka kai Tanut, ko ɗan Gangara da aka tura Difa.

Ranar da matan Nijar suka kafa da ƙafarsu

A cikin watan Mayu ɗin nan dai Nijar tana da wata rana wadda ba a aro ta daga kowa ba. A 1991, zamanin Janar Ali Saibu, da aka kafa kwamitin share fagen babban taron ƙasa, sai aka ga mace ɗaya tak a cikinsa. Ran 13 ga Mayu dubban mata suka fito titunan Yamai, ma'aikata da ƴan kasuwa da ɗalibai da matan gida, suka ce ba za a yanke makomar ƙasa a bayan idonsu ba. Ciwon ƴa mace na ƴa mace ne. Dole aka ƙara musu kujeru kafin a buɗe taron ran 29 ga Yuli, a 1992 kuma hukuma ta mai da 13 ga Mayu ranar matan Nijar. Daga wannan yunƙuri ne aka kai ga dokar shekarar 2000 wadda ta ware wa mata aƙalla kashi 10 cikin 100 na muƙaman zaɓe, aka ɗaga shi zuwa kashi 25 a 2019. Akasarin waɗanda suka yi tattakin nan uwaye ne, kuma abin da suka fito nema ya fi kusa da aikin Ann Jarvis fiye da duk wani kwalin turare. Sai dai ita ma wannan rana ba ta tsira daga abin da ya ci ta Amurka ba, domin a wurare da yawa an fi saninta da ankon atamfa da kiɗa fiye da tarihinta.

Abin da ranar ta tarar

Masu cewa Bahaushe bai jira Bature ya koya masa darajar uwa ba suna da hujja, kuma hujjar tana cikin harshen kansa. Duk abin da yake tushe, wanda sauran ke rataye a jikinsa, uwa ake ce masa. Akwai uwar gida, akwai uwar ɗaki, akwai uwar garke wadda tumaki ke bi, akwai uwar gayya. Ɗan kasuwa kuwa ya fi kowa sanin uwar kuɗi, ya san riba ake ci, wanda ya taɓa uwa ya kama hanyar karyewa. A fadoji ma haka abin yake: a Barno uwar sarki ita ce Magira, mai faɗa a ji, a Kano ana ce mata Mai Babban Ɗaki, a Maraɗi akwai sarautar Iya, a Tsibirin Gobir akwai ta Inna, dukansu sunayen uwa ne aka naɗa wa rawani. Addini ya zo ya ƙara ƙarfafa wannan, domin kowane almajiri ya san hadisin mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, wanda ya fi cancantar kyautatawarsa, aka ambata masa uwa har sau uku kafin a ambaci uba.

Damargu kuma mahaɗa ce, Hausawa da Dagirawa da Abzinawa da Fulani da Larabawa suna cin kasuwa ɗaya, kowa da irin gurbin da ya ajiye wa uwa. A wurin Abzinawa tantin da iyali ke kwana ciki na mace ne, da shi take zuwa gidan aure, da shi take tashi, kuma Kel Ewe na Abzin, waɗanda suka daɗe suna hulɗa da Damargu, suna da wata dukiya ta dabbobi ko dabino da ake ware wa ƴaƴa mata, wadda a harshensu suke kira nono mai rai. A rugar Fulani nonon shanu a hannun mace yake, ita ke kai shi kasuwa ta sayo hatsi.

Amma akwai abu guda da ya sa sallar Turawa ba ta zauna daram a nan ba, shi ne kunya. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, wani lokaci ma kaka ko gwaggo ce ke riƙe shi tun daga yaye. Ɗa ba ya kama sunan uwarsa, sai Inna ko Iya ko Umma. A irin wannan gida, ƙato ya durƙusa gaban tsohuwa da fure a hannu yana zayyana mata ƙauna, ita za ta fara sunkuyar da kai, ƙila ma ta tambaya ko lafiya. Girmamawar da aka sani a nan a aikace take. Ita ce albashin farko da sabon ma'aikaci ke kaiwa gida a sa masa albarka, da buhun hatsin da ke isowa kafin a roƙa, da ɗakin da aka yaɓe kafin damina, da kujerar Makka ga wanda Allah ya hore wa. Ladan da ake nema kuwa kalma ce guda, Allah ya yi maka albarka, kuma babu attajiri ko babban ma'aikacin da ba ya tsoron a ce uwarsa ta ɗaga masa nono.

Uwa a cikin bazarar Damargu

Tun zamanin ayari ake kiran Damargu rumbun Abzin. Hatsinta ne ke ciyar da Agadas, shi ne kuma raƙuma ke ɗauka zuwa Bilma a musanya da gishiri da dabino, matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth da ya ratsa ƙasar a farkon 1851 ya shaida haka. Amma rumbu ne da ke bakin hamada, inda ruwan shekara sau da yawa ba ya kai milimita 300, kuma duk shekarar da sama ta ƙi, a kan uwa nauyin ke sauka. Tsofaffi ba su manta 1973 da 1974 ba, ba su manta 1984 ba, shekarar da ake kira El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya, lokacin da garuruwa suka watse. Na baya-bayan nan sun ga 2005, bayan fari da farin ɗango na 2004, sun kuma ga 2010.

A irin waɗannan shekaru namiji yakan tafi neman abin da zai aiko, mace ce ke zama da yara da tsofaffi. Ita ta san inda anza ke fitowa, ta san ɗacinta ba ya fita sai an jiƙa ƴaƴanta kwanaki ana canza ruwa, a ƙasar da ruwan kansa sai an ɗaura wa raƙumi ko sa igiya ya yi tafiya mai nisa kafin guga ya iso bakin rijiya. Ita ta san ganyen jiga, ta san yadda ake sussuke ƙarangiya a fitar da ƙwayarta. Wannan ilimi da ake rainawa shi ya raya dubban mutanen da yau ke zaune a biro ko a bayan kanta, kuma shi ne ƙungiyar Eden, wadda ta kafa gonar gwaji a Dalli kusa da Tanut tun ƙarshen shekarun 1980, ta ɗauka da muhimmanci har ta riƙa raba wa manoma irin itatuwan daji masu ba da abinci. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya, amma ba kowa ke tambayar ko ita ta ci ba.

Idan dabara ta ƙare, uwa ma takan kama hanya. A watan Oktoba 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. A cikinsu 52 yara ne, 33 mata, akasari daga yankin Kance na kudancin jihar Damagaram. Hanyar da ke kai mutum daga can zuwa Agadas ta tsakiyar Tanut ta bi.

Sai kuma haɗarin haihuwa kanta. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna macen Nijar takan haifi ƴaƴa 7,6 a tsakaice, kuma a cikin kowace haihuwa 100.000 uwaye 535 ke rasa ransu. Wani binciken na 2021 ya nuna yawan haihuwar ya sauko zuwa 6,2. An yi ƙoƙari, ba a ce ba a yi ba. A 2005 da 2006, zamanin shugaba Tanja Mamadu, an mai da tiyatar haihuwa da awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta, ko da yake jinkirin biyan likitoci kuɗin da suka kashe ya sha barin kantunan magani wayam. A 2008, a nan jihar Damagaram, aka fara makarantar mazaje tare da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a, inda magidanta ke zama su tattauna zancen awo da haihuwa a likita, dabarar da ƙasashe maƙwabta suka kwaikwaya daga baya. Wani shiri na tsayar da zubar jini bayan haihuwa da magani mai araha da kayan aiki masu sauƙi ya rage mace-macen da wannan matsala ke jawowa a asibitocin ƙasar da fiye da rabi, kamar yadda binciken da aka buga a 2023 ya nuna. A 2024 kuma gwamnati ta sanar da rage kuɗin jinya a asibitocinta tare da mai da haihuwa kyauta.

Duk da haka doka ba ta rage nisa. Daga Tanut zuwa Damagaram kusan kilomita 150 ne, kuma wannan ga wanda ya riga ya iso bakin kwalta ke nan. Belbeji ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, amma mai naƙuda a wata ruga ta ƙasar Tarka ko ta Tenhiya har yanzu amalanke ne motarta ta farko. Doguwar naƙuda ita ke kashe jariri, ita ke barin yarinya da yoyon fitsari, sau da yawa kuma jinkirin daga gida yake farawa, wurin jiran izinin maigidan da ke Libiya ko neman kuɗin mai.

Lissafin uwa da riba

To, a riƙe sallar ko a watsar? Tarihin da ya gabata ya nuna ranar kamar ƙwarya ce, abin da aka zuba mata shi take ɗauka. Ann Jarvis ta zuba mata tsabta da jinya, gwamnatin Faransa ta zuba mata ƙidayar jarirai, ƴan kasuwar Amurka suka zuba mata ciniki. Mutanen Damargu ma suna da ikon zuba nasu, kuma sa'a ce babba da ranar ta faɗo a ƙarshen Mayu, daidai lokacin da tiyar hatsi ke tsada, iri ke wuyar samu, uwa ke rage cinta don yara su ƙoshi.

Ɗan kasuwa ba a hana shi sayar da atamfa ba, ciniki halal ne. Amma in ya waiwaya zai ga sau da yawa uwar kuɗinsa daga uwar da ta haife shi ta fito, daga akuyar da ta sayar, ko adashin da ta kwasa, ko ribar fura da ƙuli-ƙuli da ta ƙulle a bakin zane. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991, waɗanda tsarinsu ya bazu ƙasashe da dama, sun tabbatar wa duniya abin da kowane gida ya riga ya sani, cewa dalar da ta shiga hannun uwa ba ta ɓata. Wanda ya ɓoye hatsi a sito tun kaka yana jiran bazara ta ninka masa kuɗi, ya sani daga bakin uwar wani yake cire lomar, ko da kuwa ya sai wa tasa turmi goma.

Ma'aikaci shi ma yana da nasa bashi. Waɗanda suka yi aiki a shekarun 1990, lokacin da albashi ke makara wata da watanni, ga kuma karyewar darajar sefa a Janairu 1994, da yawansu sun san daga wane rumbu buhun da ya rufa musu asiri ya fito. Yau salula da kamfanonin aika kuɗi sun sauƙaƙa abu, jika goma takan isa ƙauye kafin a sauke tukunya. Amma saƙon kuɗi bai gaje zuwa ba, zumunta a ƙafa take, kuma ƙorafin Anna Jarvis a kan katin da aka riga aka buga ya hau kan gaisuwar da ake turawa ta waya ga tsohuwar da ba ta karatu. Bayan wannan, ma'aikaci yana da wata hanyar girmama uwa wadda ɗan kasuwa ba shi da ita, wato kujerar da yake zaune a kai. Ungozomar da ta karɓi mai naƙuda da sakin fuska cikin dare, da malamin da ya hana a cire yarinya daga aji, da jami'in da ya sa hannu a kan takardar gyaran famfo ba tare da ya bar ta ta kwana a aljihun tebur ba, kowannensu ya yi wa uwar wani abin da yake so a yi wa tasa.

Ga hukumomin Tanut da Belbeji da sarakuna da ƙungiyoyin ƴan kasuwa kuwa, tsakanin 13 ga Mayu da Lahadin ƙarshe na watan akwai kimanin mako biyu. Sun isa a duba motar ɗaukar marasa lafiya ko tana da taya da mai, a tara asusun gaggawa na masu naƙuda a kowane gari, a buɗe bankunan hatsi a kan farashi mai sauƙi, masu lafiya su ba da jini. Wannan shi ne ainihin abin da matar Grafton ta fara a 1858, kuma bai saɓa wa addini ko al'adar kowa ba.

Wanda uwarsa ke raye, kasuwarsa ba ta watse ba tukuna, sai ya yi sayayya tun da rana. Wanda tasa ta rigaya, ƙawayenta da ƴan'uwanta suna nan, addu'a da sadaka kuma ba su da ranar kalanda. Allah ya saka wa uwaye da alheri, ya jiƙan waɗanda suka kwanta dama, ya sa a gama da na raye lafiya, ya kuma kawo damina mai albarka a Damargu da ƙasa baki ɗaya.